Ɗakunan Baya na Layin Malama

A damunar shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, Malama Safara'u ta dawo daga kasuwar Tarauni da hantsi ta tarar da Rabi, matar ɗan hayarta, zaune a bakin ƙofar baya, ta zuba tagumi, yaranta biyu sun raɓe a jikinta. A jikin bangon da ke kallon lungu an zana wani ƙaton gicciye da jan fenti, bai ma gama bushewa ba.

"Su wane ne suka yi wannan?" in ji Malama, tana ajiye kwandon cefanenta.

"Wasu ne suka zo a farar mota, Inna. Sun ce daga ofishin masu tsara gine-gine suke. Wai ɗakunan nan ba sa kan ƙa'ida, a rushe kafin ƙarshen damuna, in ba haka ba su kawo motar rusau."

Malama Safara'u tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, ta daɗe da ajiye aiki. Kusan duk wani magidanci da ya tashi a wannan yanki na Gyaɗi-Gyaɗi ya bi ta ajinta, shi ya sa ma ake kiran layin da Layin Malama. Mijinta, marigayi Malam Sulaiman, ya sami filin ne tun lokacin da aka yanka unguwar, kuma sharaɗin da aka gindaya wa kowa shi ne fili ɗaya, gida ɗaya, iyali ɗaya, a bar bayan gida sarari. Da mahaifiyarsa ta tsufa ya ɗauko ta daga ƙauye, ya gina mata ɗaki biyu da banɗaki a bayan gidan, don ta ƙi zama cikin hayaniyar jikoki. Tsohuwar ta rasu, shi ma daga baya ya bi ta, 'ya'ya suka yi aure suka watse, gida ya yi wa Malama faɗi.

A nan Inuwa ya shigo. Mutumin Kibiya ne, direban bas a tashar Unguwa Uku. Ya yi shekaru yana kwana a cikin mota, matarsa Rabi tana can ƙauye, sai ƙarshen wata yake leƙa su. Wani ɗalibin Malama ya kawo shi, ta dube shi ta yi masa 'yan tambayoyi irin na malaman makaranta, ta ba shi ɗakunan. Tun daga nan Rabi ce ke duba ta in ciwon ƙafarta ya tashi, Inuwa ne ke kai ta asibiti, yaran kuwa a tabarmarta suke koyon baƙi da wasali.

"Tashi ki ɗora girkinki," in ji Malama. "Ba inda za ku."

Ta faɗa ne don ta kwantar wa yarinyar da hankali. Ita kanta ba ta san ta inda za ta ɓullo wa al'amarin ba, domin a shekarun baya ta ga yadda ake yi: in aka shafa jan fenti, sai dai mutum ya kwashe kwanon rufinsa tun da wuri.

Ba ta sha wahalar gano wanda ya kai ƙara ba. Alhaji Mu'azu, maƙwabcinta na gangare, tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai son abu ya tafi a kan tsari. Bayan azahar ta yafa mayafi ta yi sallama a gidansa. Suka gaisa, ya tambayi ƙafa, ta tambayi iyali.

"Na san abin da ya kawo ki, Malama," in ji shi. "Ni na kai ƙara, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ba gidanki kaɗai ba, duk layin na kai."

"Alhaji, shekara nawa muna tare? Ka kasa tako ƙafa ka faɗa mini?"

"Na faɗa wa marigayi, na faɗa wa mai unguwa, kowa sai ya ce in yi haƙuri. Zo ki gani."

Ya kai ta tsakar gida ya nuna mata bangon ɗakin uwargidansa. Shatin ruwa ya kai gwiwa, siminti ya ɓuɓɓuge, gansakuka ta kama gindin bangon. Ya ce duk ruwan da aka yi a layin, a gidansa yake kwana. Bara har littattafansa na addini sai da aka shanya a rana.

"An yanka unguwar nan don gida ɗai-ɗai," in ji shi. "Yanzu kowa ya cusa ɗaki a baya ya zuba 'yan haya. Ruwa ya rasa hanya, shara ta yi yawa. Ni ban tsani Inuwa ba, yaro ne mai ladabi. Amma doka aka yi, kuma da dalili aka yi ta."

Malama ta shigo da faɗa a bakinta, amma ta fita ba ta yi shi ba. Shatin ruwan nan gaskiya ne, da idonta ta gani.

Kashegari ta tafi sakatariyar ƙaramar hukumar Tarauni ta nemi sabon kansilan mazaɓarsu, Abdulmalik, wanda ta koyar a aji uku. Da ya gan ta ya tashi daga kujera ya durƙusa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya sosa ƙeya.

"Malama, maganar tsarin gini ba a hannun ƙaramar hukuma take ba, ta jiha ce. Ni ba ni da ikon goge fentin nan."

"To me kake da ikon yi? Ranar zaɓe da wannan ƙafar na tsaya a layi."

Ya yi 'yar dariya ta jin kunya. Sai ya ce abu ɗaya zai iya: ya gayyaci jami'in da ke kula da shiyyar ya zo unguwa ya zauna da jama'a. A da ba wanda zai yi gigin kiran su, amma yanzu shugabanninsu ma suna amsa kira a majalisa, ba za su so a ce sun ƙi sauraron mutane ba.

"Sai dai in ya zo ya tarar da ke kaɗai, Malama, magana ta mutu."

"Kai dai kawo shi."

Daga ranar ta shiga bin gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, tana dogara sandarta, Rabi na biye da ita. Ta daɗe a unguwar, amma sai yanzu ta san yawan mutanen da ke zaune a bayan gidaje. Akwai malamin Islamiyyar da ke koyar da yaran layin. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke tafiya aiki a ƙafa. Akwai leburori 'yan Jigawa, da mai gyaran famfo, da 'yan acaɓa. A wani gidan ba ma haya ba ce, 'yar mai gidan ce mijinta ya rasu ta dawo da marayu, aka yi mata ɗaki a baya don ta sami sirrinta. A wani kuma ɗan gidan ne ya yi aure, bai da ƙarfin kama gida sukutum. Duk inda ta shiga tambaya ɗaya take yi: in an rushe, ina za ku? Wasu su ce can bayan Mariri, wasu su ce ƙauye, mafi yawa su ce Allah kaɗai ya sani.

Masu gidajen kuwa ba duka suka ba ta fuska ba. Wani ya ce a bar maganar kawai, in motar ta zo a san yadda za a lallaɓa. Wani ya ce shi ba ya shiga rigima da hukuma, ko ta soja ko ta farar hula. Ta ce masa ba rigima za a yi ba, zama za a yi, kuma in bai zo ba za ta aiko a ɗauko shi kamar yadda take yi masa yana ɗan aji biyu. Ya yi dariya ya ce zai zo.

Abin da ya dame ta shi ne maganar ruwan. Ta san in Alhaji Mu'azu ya tashi a taro ya kwatanta bangonsa, duk tausayin da za a ji wa 'yan haya ba zai share wannan ba.

Ana saura 'yan kwanaki taron, hadari ya haɗo da la'asar, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inuwa ya dawo da wuri ranar. Malama ta kira shi ta ce ya riƙe mata lema, tana so ta ga inda ruwan nan yake bi.

"Inna, a cikin wannan ruwan? Ƙafarki fa."

"Ƙafar tawa ce. Mu je."

Suka fita ta ƙofar baya suka hau zuwa saman layin. Tsakanin bayan gidajensu da na layin da ke bayansu akwai wani siririn lungu da aka bari tun asali don ruwa ya bi ya faɗa babbar kwata ta bakin titi. Suka biyo ruwan yana gudu a lungun, ja wur da laka, har ya iso daidai gidan Malama. A nan ya ci karo da bango ya tsaya, ya taru, ya karkata ya bi ta ƙarƙashin katangar Alhaji Mu'azu.

Bangon ba na ɗakunan su Inuwa ba ne. Ɗakunan suna cikin fili sosai. Bangon ɗakin girkinta ne, wanda Malam Sulaiman ya fitar cikin lungun shekarun baya don ta sami wurin ajiye itace da buhunan hatsi. Da hannunsa ya ɗora bulo, yana dawowa daga aiki yana yi kaɗan-kaɗan. Da maƙwabta na ƙasa suka ga ya fitar, su ma wasu suka turo katangunsu, har lungun ya toshe gaba ɗaya.

Ta daɗe tsaye tana kallon ruwan yana dukan bangon. Inuwa ya ƙara karkato mata lemar.

"Gobe in ka sauke fasinjan safe, ka samo mini leburori da guduma," in ji ta.

"Inna, Malam ne fa ya gina."

"Na fi ka sani. Da yana raye ya ga abin da na gani yau, da shi zai fara ɗaukar gudumar."

Da safe aka kwashe tukwane da buhuna aka kai zaure. Leburori 'yan Jigawan nan na bayan gidan maƙwabta su suka zo, suka ce ba za su karɓi ko sisi ba. Malama ta zauna a kujera a tsakar gida tana kallo har aka cire kwano, amma da aka kai gudumar farko jikin bango sai ta tashi ta shige ɗaki. Rabi ta bi ta da kofin kunu ta zauna a gefenta har ƙarar ta lafa.

Ranar Asabar aka yi taron a wani aji na makarantar firamare, bayan la'asar. Ajin ya cika har tagogi, maza a gaba kan bencin yara gwiwoyinsu na taɓa teburi, mata a baya da bakin ƙofa. Mai unguwa ya buɗe da addu'a. Abdulmalik ya gabatar da baƙon, Injiniya Garba, wani siririn mutum mai furfura a gemu, wanda ya shimfiɗa taswirar unguwar a kan teburin malami ya danne gefunanta da duwatsu.

Injiniya ya yi bayani a natse. Ya ce dokar ba don mugunta aka yi ta ba. An bar bayan gida sarari ne don iska, don ruwa, don in gobara ta tashi a sami hanya. Alhaji Mu'azu ya tashi ya faɗi nasa, bai ƙara ba bai rage ba, mutane da yawa suka gyaɗa kai don sun san gaskiya ne.

Sai Inuwa ya ɗaga hannu. Bai taɓa magana a taro ba sai ranar.

"Ranka ya daɗe, ni direba ne. Da asuba nake ɗaukar mutanen unguwar nan in kai su kasuwa da ofis. Kafin in sami ɗakin nan, a mota nake kwana, 'yata ta fari har ta fara tafiya ba ta san fuskata ba. Yanzu suna makaranta a nan, wannan ajin ma na babbar ne. Ba mu ce a karya doka ba. Muna roƙo a duba ko dokar za ta iya ɗaukar mu."

Ya zauna. Sai Malama Safara'u ta miƙe da sandarta ta tako gaban allo, inda ta yi shekara da shekaru tana tsayawa.

"Injiniya, lokacin da aka zana takardar nan da ke gabanka, daga nan zuwa Unguwa Uku gonaki ne. Yanzu fita ka duba. Mutanen da ke ɗakunan baya su ne ke koyar da 'ya'yanmu, su ke tuƙa mu, su ke yi mana allura, wasu kuma 'ya'yan cikinmu ne. Alhaji Mu'azu ya yi gaskiya, ruwa yana cin gidansa. Amma na bi ruwan da ƙafata. Ba ɗakunan kwana ne suka tare shi ba, mu masu gida ne muka cinye lungun da aka bar masa, kuma daga gidana aka fara. Na rushe nawa. Ga shi can, ba nisa, a je a gani."

Injiniya Garba ya dubi taswira, ya bi wani siririn layi da yatsa, ya naɗe ta ya ce a je. Taron gaba ɗaya ya tashi ya bi shi. Ya shiga lungun ya tsaya kan ɓaraguzan ɗakin girkin, ya dubi sama ya dubi gangare, ya leƙa ɗakunan su Inuwa ya ga taga da banɗaki da ƙofar fita. Ya bi sauran gidajen yana duddubawa, har magariba ta kusa.

"Ni ba ni da ikon canza doka," in ji shi da suka dawo bakin layi. "Amma ana iya sake duba tsarin unguwa in mazaunanta suka nema baki ɗaya, kuma wanda ya kawo ƙara ya janye. In lungun nan ya buɗe daga sama har titi, zan rubuta abin da na gani. Sauran yana wurin Alhaji."

Kowa ya juya ya dubi Alhaji Mu'azu. Ya gyara hularsa.

"A buɗe lungun," in ji shi. "In aka yi ruwa na ga tsakar gidana a bushe, sai mu yi magana."

Aka sa gayya ranar Lahadi. Masu gida da 'yan haya suka fito da diga da shebur da baro. Waɗanda suka turo katanga suka ja da baya, wasu da fara'a, wasu suna ƙunƙuni. Mai gyaran famfo ya ja igiya ya daidaita gangaren, Inuwa ya cire kujerun bayan motarsa ya yi ta jigilar yashi da siminti, mata suka dafa shinkafa da wake a manyan tukwane a ƙofar gidan Malama. Ba a rabu da asara ba. Ɗakin da malamin Islamiyya ke ciki rabinsa a kan lungun yake, dole aka rushe shi. Ya kwashe littattafansa yana share ido, ya koma wurin wani ɗan'uwansa a Babban Giji, daga can yake zuwa koyarwa a keke.

Ruwa bai daɗe ba ya dawo, da rana tsaka, mai ƙarfi. Mutanen layin suka tsaya a zaurukansu suna kallon lungu. Ruwan ya gangaro ya wuce bayan gidan Malama, ya wuce bayan gidan Alhaji Mu'azu bai ko waiwaya ba, ya faɗa kwatar titi da ƙara. Yara suka fita suna bin sa da gudu.

Da ruwan ya ɗauke, Alhaji Mu'azu ya yi sallama a zauren Malama, takalminsa a bushe.

"Malama, ki gaya wa ɗalibin nan naki kansila ya zo da safe. Da motata za mu je, na san ƙofofin ofishin nan fiye da shi."

Ya kuwa san su. Ya fara da janye ƙararsa, aka dakatar da maganar rusau. Shi da Abdulmalik suka yi ta zarya har damuna ta wuce, yau a ce shugaba ya yi tafiya, gobe a ce kwamiti bai zauna ba. Alhaji Mu'azu, wanda ya fi kowa son ƙa'ida, shi ya zauna da Injiniya Garba suka tsara sharuɗɗan: ɗakin baya ya kasance da taga da banɗaki da hanyar fita, kada ya hau lungun ruwa, kada ya cinye tsakar gida duka. Wanda ya cika waɗannan a ba shi izini, wanda bai cika ba a ba shi lokaci ya gyara.

Ranar da amincewar ta fito, Abdulmalik bai jira mota ba, acaɓa ya hau har ƙofar gidan. Ya tarar da Malama tana girki a murhun da aka yi mata a gefen tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano. Ya durƙusa ya gaya mata. Ta ajiye muciya ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa, sannan ta ƙwala wa Rabi kira. Rabi ta fito da hannu duk kumfar wanki, da ta ji sai ta rangaɗa guɗa, matan maƙwabta suka amsa ta kan katanga, kafin wani lokaci tsakar gidan ya cika.

Cikin shekarar aka yi ta gyare-gyare a layin, ana fasa tagogi ana haƙa masai. Mutum biyu da a da tsoro ya hana su suka gina sababbin ɗakuna da izini a hannu, malamin Islamiyya ya sami ɗaya daga cikin ɗakunan ya dawo unguwa.

Labari ya kai Unguwar Gano, inda su ma aka shafa wa wasu gidaje fenti. Wata Juma'a da safe dattawansu uku suka zo suka zauna a zauren Malama, suka ce so suke ta je ta yi wa mutanensu bayanin yadda aka yi. Ta ce ita ƙafarta ba ta kai ta nisa, kuma rabin aikin ba ita ta yi ba, sai dai in za su haɗa da maƙwabcinta. Aka aika gidan Alhaji Mu'azu. Ya aiko cewa ya ji, a ba shi lokaci ya sa babbar riga, kuma a gaya wa mutanen su tanadi shebur tun yanzu.